Gudun da Ya Yi Wa Yayarsa

Ɗiyata ta fari da amosanin jini aka haife ta. Ba mu gane ba sai da ta fara rarrafe, hannuwanta suka kumbura, ko zane ya taɓa ta sai kuka. Tsofaffi suka ce iska ce, aka yi turare, aka sha rubutu. Daga baya wani malamin likita a Gazawa ya ɗebi jininta ya duba, ya ce ciwon a cikin jini yake, daga gare ni da uwarta ta gaje shi, kuma har yanzu ba a kai ga maganin da ke raba mutum da shi ba, sai dai lallaɓawa. Muka yi ta lallaɓa ta har ta zama mace. Ta koyi ɗinki, muka sa mata keken ɗinki a ɗakin da ke jikin zaure, mata suna zuwa daga ƙauyukan da ke kewaye da mu da yadi a ƙulle cikin gyale.

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ubana bai taɓa faɗin sunan yayana ba har ya koma ga Allah, ni ma haka na tashi na gani. "Ke" nake ce mata, ko in tambayi uwarta, "Ina yarinyar nan?" Ban ɗauke ta a gaban mutane ba tana jaririya, ban yabe ta ba da ta girma. In wani ya ce ɗiyarka ta iya hannu, sai in ce ai ɗiyar yayana ce, ni riƙo nake yi. Yayan nawa yana can hayin iyaka, ƙasar Katsina inda kakanninmu suka fito. Shi ya raɗa mata suna, shi ke da bakin magana a kan duk abin da ya shafe ta. Kunya ce wannan, kuma ita ta san kunya ce. In na dawo daga kasuwar Gangara da ƙullin dabino, ba na miƙa mata, ajiyewa nake a kan keken ɗinkin in wuce. Ita ma ba ta yi mini godiya. Sai dai in jiyo ta tana cewa, "Inna, aljanun kasuwa sun sake kawo tsaraba."

Ƙanenta namiji Allah ya kuɓutar da shi daga ciwon. Gudunsa ma a wajenta ya samo shi. In ciwon ya tashi ina gona, shi ake aikawa ya kira ni. In magani ya ƙare, shi ake aikawa gidan likita a Gangara. Tun yana ƙarami ya gane cewa in ya yi sauri kukanta yana gajarta, don haka bai iya tafiya a hankali ba. Bai san yana da wani abu a ƙafa ba sai da ya shiga babbar lakol, wato makarantar boko, a Agye. Malaminsu na wasanni, wanda suke ce wa mushe kamar sauran malamai, ya ga ya zagaye fili ya bar 'yan ajinsu a baya ko haki ba ya yi, ya tambaye shi wa ya koya masa. Ya ce yayarsa. Da labarin ya iso gida ta yi dariya har ta dafe ƙirji.

"Ni da ko kaza ba na iya kora daga kan shanya," in ji ta. "To, zalɓe, in ka ciyo kwaf ɗin nan ka kawo mini, ina neman abin zuba maɓallai."

Zalɓe take ce masa saboda tsawon ƙafafunsa. Shi kuma yana ce mata hajiyar allura. Haka suke wuni in ya zo hutu, yana zaune a bakin ƙofarta yana warware mata zare, suna yi wa juna tsiya.

A shekararsa ta ƙarshe a lakol ya tsere wa duk 'yan makarantun Agye da Cadawa da Gazawa, aka zaɓe shi ya je Maraɗi wasannin makarantu na jiha. Ana shirin tafiya korona ta shigo. Rediyo ya ce an rufe lakol, an hana taro, har masallatai sai da aka taɓa. Da farko aka ce an ɗaga wasannin, daga baya aka ce an fasa. Ya dawo gida da jakarsa da takalman gudu a rataye a wuya. Yayarsa ta dube shi ta ce, "An ɗaure wa zalɓe fiffike." Bai yi dariya ba, amma ya zauna a bakin ƙofar.

A cikin zafin bazarar nan ciwon ya kama ta a ƙirji. Muka kai ta Gazawa, suka ce a wuce Maraɗi. Saboda annobar mutum ɗaya ake bari ya zauna da majiyyaci, uwarta ta shiga, ni da yaron muka tsaya a bakin ƙofar asibiti tare da sauran masu jira. A can ta cika. Ba korona ce ta ɗauke ta ba, ciwonta ne na tun fil azal. Muka kawo ta gida, mutane kaɗan suka yi mata salla. Mai gari ya aiko a yi haƙuri kada a yi zaman makoki, don jandarma na zagayawa. Yayana, wanda shi ya kamata ya zauna a zaure a gaishe shi, iyaka a rufe take, a waya ya yi kukansa. Ba a shimfiɗa tabarma ko ɗaya ba.

Da gari ya waye na ɗauki gatari na tafi sassabe. Damina ta matso, gona na jira, kuma ban san inda zan sa hannuwana ba. Ban taɓa ganin uba ya zauna shi kaɗai a zaure yana jiran a yi masa gaisuwar ɗan fari ba. Yaron yana tsaye a tsakar gida lokacin da na fita, ya bi gatarin da kallo.

Daga ranar ya janye. Da safe yana durƙusawa ya gaishe ni yadda ya kamata, daga nan babu ƙari. In mun je gona ya kama noma daga wancan gefe. Takalman gudu ya jefa su bayan rumbu. Da aka buɗe lakol ya koma ya rubuta jarrabawarsa ya dawo, wasanni kuwa ba a sake zancensu ba, ko an dawo da su ma ba da shi ba, don ya gama. Muna cikin yankan gero uwarsa ta same ni ina wanke ƙafa a bayan ɗaki.

"Malam, yaron nan ya ce in an kai amfani gida zai tafi Gidan Rumji wajen kawunsa, ya kama awon hatsi."

Na ce ba laifi, namiji ne.

"Ya ce ba zai dawo ba. Ya ce ba ya zama a gidan da mutum ke mutuwa a wayi gari a tafi sassabe."

Na daɗe ina zuba ruwa a ƙafar da ta riga ta fita. Na ce, "To me zan ce masa?"

"Ni na sani? Ɗiyarka ce."

Ita ma uwar ba ta taɓa faɗin haka ba sai ranar. Na yi niyyar yi masa magana, na kira shi zaure, da ya durƙusa sai na ji ina tambayarsa ko waken gonar gabas ya isa roro. Ya ce ya isa. Na ce to. Ya tashi.

Bayan an ɗaure gero mushe ya zo garinmu a kan babur. Lokacin 'yan siyasa sun fara yawo, don shugaban da ke kan mulki ya ce zai sauka ya miƙa wa wanda jama'a suka zaɓa, abin da ba mu taɓa gani ba a ƙasar nan. Kullum motoci na ratsa ƙauyuka da lasifika, matasa cunkushe a baya. Mushe ya sauke takunkumin bakinsa ya sha ruwa, ya ce, "Baba, korona ɗin nan ba ta zuwa taron siyasa, filin wasa kawai ta sani."

Ya ce akwai wata ƙungiya ta iyayen masu amosanin jini a birni. Sukan haɗu su yi gudu tare don tara gudummawa ga likitocin da ke binciken ciwon. Bana taro ya gagara, sai suka ce kowa ya yi nasa gudun a inda yake, ya ɗaura waya a hannu ta auna masa tafiyar da lokacin, a aika musu. 'Yan makarantar da aka so a kara da su a Maraɗi da yawa sun shiga. Yana so yaron ya taso daga garinmu ya ƙare a Gazawa.

Na ce, "Mushe, gudun ne zai sa likitoci su gano magani?"

"A'a, Baba. Amma a ƙasar nan in aka ga babban mutum yana gudu, sai an tambaya ko lafiya. In an tambaya sai mu faɗa musu, mai abin bayarwa ya bayar."

Ya juya ga yaron, wanda ke zaune can nesa da ni, ya ce, "Wannan shi ne Maraɗinka. Wani ba zai sake zuwa ba."

Yaron ya ce wa mushe zai yi. Da yamma na gan shi bayan rumbu yana kakkaɓe takalman, gara ta ɗan ci bakin ɗaya. Ya koma fita da asuba yana zagaya gonaki. Maƙwabcinmu ya ce zai biyo baya da amalanken jakinsa ya karɓi abin da mutane za su bayar, don a wajenmu gudummawa hatsi ce. Mushe ya ce zai bi ƙauyukan hanya ya sanar, ranar kuma ya jira a Gazawa. Saura mai riƙe ruwa. Uwar yaron tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, ai kekenka na nan."

Ranar muka fito bayan sallar asuba, da ɗan sanyi. Yana sanye da gajeren wando da riga marar hannu, na ɗan ji nauyin a ga ɗana haka a gaban surukai. Ya ɗaura wayar mushe a dantse, ya taɓa ta, ya kama hanya. Na bi shi da jarkar ruwa ɗaure a bayan keke. Ban taɓa ganin gudunsa sosai ba sai ranar. Ba ya tayar da ƙasa, kansa ba ya motsi, kamar ana jan shi da igiya daga gaba. Ni kuwa yashi ya kama mini taya, ina hawa ina sauka, kafin mu bar gonakin garinmu ya ɓace mini.

Da na iso ƙauyen farko sai na same shi a durƙushe. Abin da mushe bai yi lissafi da shi ba ke nan. Ya gaya wa mutane ƙanen marigayiya mai ɗinki zai wuce da gudu, su kuwa abin da suka ji shi ne ɗan gidan rasuwa zai ratsa garinsu, gidan da ba su samu zuwa gaisuwa ba. Sun shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedin da ke bakin masallaci, dattawa sun jeru, mata sun aiko da fura. Wani tsoho ya ɗaga masa sanda ya ce ya tsaya, ya kuwa tsaya, don ba mu haifi ɗan da zai wuce dattijo yana magana ba.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

"Amin."

Wannan ya gama, na kusa da shi ya ɗauka daga farko. Na ga gumi na sanyi a jikin yaron, yana satar kallon wayar da ke ta ƙirga masa lokaci. In ya tashi ya tafi, a ce ba shi da tarbiyya. In ya zauna, gudun ya lalace, ga kuma wasu ƙauyukan a gaba, kowanne da tabarminsa. Ya sunkuyar da kai.

Na jingine keke a jikin bedi, na cire takalmi na hau tabarmar. Na ce, "Ku sallame shi ya tafi. Ni ne uban. Ɗiyata ce, ni za ku gaisar."

Maganar ta fito mini wani iri, kamar na ari bakin wani. Tsohon mai sanda ya san ubana, ya san gidanmu da al'adarsa. Ya dube ni da kyau, ya ce, "Kai ne kuwa." Ya juya ga yaron ya ce, "Tashi, ɗana, Allah ya ba da sa'a." Yaron ya miƙe, ya dube ni kallo ɗaya, ya tafi.

Na karɓi gaisuwar har aka shafa fatiha. A nan na gane aikin da na ɗauko wa kaina: dole in riga shi shiga kowane gari. Allah ya taimake ni hanyar mota tana zagaye wata fadama, ni kuwa na san turbar da ke yanke ta cikin gonaki. Na tattare babbar riga na cusa a wando, na taka keke yadda ban taka ba tun ina saurayi, karan gero na dukan ƙafafuna, jarka na buga baya. Wasu samari da ke liƙa hotunan 'yan takara a jikin gawo suka bi ni da kallo, ɗaya ya ce, "Baba, wace jam'iyya ce ta ba ka keke?" Wata mata da ke ɗauke da itace ta ga yaron can a kan hanya, ta gan ni a turba, ta ce, "Ɗan ke bin uban, ko uban ke bin ɗan?" Na ci gaba da taka kekena.

Na riga shi isa ƙauye na biyu da kaɗan. Na faɗa kan tabarma ina haki, na ce musu ni za a gaisar, shi a bar shi ya wuce. Da ya iso na miƙa masa gorar ruwa daga zaune, ya karɓa bai tsaya ba, yara suka bi shi da gudu har bayan gari.

Abin da ban zata ba shi ne abin da za su riƙa faɗa mini. A da ba wanda ke yabon ta a gabana, don sun san zan kawar da zancen. Ranar kuwa na ce ni ne uban, sai kowa ya kwance nasa. Wani mai kiɓa ya ce ya taɓa kai mata yadin salla, ta auna shi ta ce ko ya ƙaro yadi ko ya rage tuwo, ita ba ta iya ɗinka iska. Aka yi dariya, ni ma na yi. Wata mata ta jawo 'yarta ta nuna mini rigar da ke jikinta, ta ce duk rigar 'yan mata da ta ɗinka sai ta sa mata aljihu a ɓoye ko ba a ce ba, wai mace ma tana da abin ajiyewa. A ƙauye na uku, inda muka shiga kusan tare da yaron, liman ya ce takan aiko masa da ragowar ƙyallaye a yi wa masallaci abin goge ƙafa. A ɗakin da ke jikin zaurena aka yi duk wannan, ina shiga ina fita, ban sani ba. Ina amsa "amin, amin", in tashi in hau keke.

Bayan ƙauye na uku hanya tana ratsa burtali. Fulani sun sauko daga arewa inda suka yi damina, sun kafa ruga a gefen wata gona, shanunsu na cin kara. Yaron ya riga ya wuce. Ina tafe sai ga wata tsohuwa a tsakiyar turba da ƙwarya a ka. Na san ta, ita ke kawo mana nono duk rani, takan zauna a ƙofar ɗakin ɗinki ta huta kafin ta wuce kasuwa. Ta gane ni, fuskarta ta washe. Na sauka don in gaishe ta a tsaitsaye.

"Maigida, kai ne da keke haka? Yanzu na ga ɗanka ya wuce kamar an koro shi. Lafiya dai?"

Na ce lafiya.

"Ina ƙawata mai ɗinki? Na tara mata man shanu, gobe nake cewa in shigo."

Duk inda na tsaya tun safe, sun riga sun sani. Ko a ranar rasuwar ma uwarta ce ta fito ta faɗa mana, maƙwabta suka kai labari gari, wani ya kira yayana. Ni ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba. Na riƙe kan keken, na ce, "Ta rasu. Tun bazara."

"Wace? Ba dai ta farin ba?"

"Ita."

Ta sauke ƙwaryar a hankali ta ajiye, ta zauna a ƙasa nan inda take. Ta yi salati, ta ce "ɓingel am" da harshensu, wato ɗiyata, ta sake faɗa. Ta share ido da bakin zane. Can ta ce, da Hausarta mai karyewa, "Ta taɓa gaya mini, in ciwo ya tashi, babanta na zuwa bayan danga ya zauna, wai don kada a san yana nan, amma tarinsa ya yi ta tona shi. Ta ce ita kuwa in ta ji tarin nan sai ciwon ya yi sauƙi."

Ban san lokacin da keken ya faɗi ba. Na zauna a gindin wata sabara, na ja hannun riga na rufe fuska. Abin da na yi ta haɗiyewa tun daga bakin asibiti ya fito, ban iya tare shi ba. Tsohuwar ba ta ce mini in yi haƙuri ba, ta bar ni.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na dai ji takun gudu yana matsowa daga gaba, ya rage, ya tsaya. Ashe yaron ya kai inda ya kamata ya same ni da ruwa, bai gan ni ba, ya waiga hanya babu kowa, ya ɗauka faɗuwa na yi. Ya juyo. Ya tsaya a kaina yana haki, ni kuma na kasa sauke hannun rigar. Na ji tsohuwar tana ce masa, "Zauna kai ma. Yanzu babanka ya gaya mini." Ta maimaita masa zancen tarin, kamar yadda tsofaffi ke yi, ba ta rage komai ba.

Ya zauna kusa da ni a cikin yashi. Na ji ya kwance wayar daga dantsensa. Can ya tashi ya ɗauko jarkar da ta faɗi, ya zuba ruwa a gora ya miƙo mini.

"Sha, Baba."

Na sha, na wanke fuska. Na ce, "Lokacinka fa?"

"Ya wuce."

"Tashi ka ƙarasa, mushe na jira."

"Tare za mu."

Tsohuwar ta ce a tsayar mata da mai amalanke in ya iso, man shanun nan ta ba likitoci. Muka yi mata sallama. Na hau keke ina takawa a hankali, shi yana sassarfa a gefena, in mun shiga yashi ya dafa sirdin ya tura ni. A sauran ƙauyukan tare muka durƙusa, tare muka amsa.

Rana ta yi sama sosai muka shiga Gazawa. Mushe yana gindin wata bishiya kusa da tasha da 'yan mutane kaɗan, wata motar kamfe a gefensu tana ta kiɗa har ba a jin magana. Ya karɓi wayar ya duba, ya dube mu, ya ga idanuna. Ya ce, "Wannan lokaci, ko jakin maƙwabcinku ya yi abin da ya fi shi." Bai rufe baki ba sai ga amalanken ya kunno kai, da damman gero da buhun wake da aya da ƙwaryar man shanu, har da kaza ɗaure a sama tana ƙorafi. Yaron ya yi dariya, irin wadda ban ji ba tun bazara. Mushe ya sayar da kayan ya aika wa ƙungiyar kuɗin. Ban san inda binciken likitocin ya kai ba, ina dai yi musu addu'a, don a garinmu kaɗai akwai yaran da ke kwana da irin kukan da na sani.

Da la'asar muka ɗora keke a amalanken da ya zama fanko, muka zauna a baya ƙafafunmu na lilo, maƙwabci yana gaba yana fama da jakinsa. Muka yi nisa a hanya. Sai yaron ya ce, "Baba, Inna ta gaya maka zancen Gidan Rumji?"

"Ta gaya mini."

"Rani kawai zan yi. In ruwa ya sauka ina nan."

"Allah ya kai mu."

Ya ɗan yi wasa da igiyar takalminsa, sannan ya ce, "Ranar da aka haife ta kana ina?"

Na ce ina cikin dawa. Mai haihuwar fari ba ya zama gida, abokai su same shi su yi masa tsiya. Na gudu gona na ɓuya, ban dawo ba sai da rana ta yi sanyi, na biyo ta bayan gida.

"Ka gan ta?"

"Sai da kakarku ta fita ɗebo ruwa na leƙa."

"Yaya take?"

"'Yar mitsitsiya, gashi cike da kai. Ta yamutsa fuska tana kallona kamar na zo mata da ƙarya."

"Haka take yi wa masu cewa gobe za su zo karɓar ɗinki," in ji shi. Ya gyara zama ya juyo sosai yana fuskantata. "To da ta fara tafiya fa?"

Na ce wannan a shekarar da ruwa ya cinye mana katangar gabas ne, na fara ba shi labarin.